Makunnan matsayin filaf a jirgin haɗin gida: wanne zai jure zafi da ƙurar Yamai da Tawa?

Mai haɗa ƙaramin jirgi da hannunsa, idan ya iso kan filaf mai aiki da kuran, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa lokacin tashi da sauka, ayyuka biyu ke gabansa. Na farko, abin da zai tsayar da injin filaf idan ya kai ƙarshen sama ko ƙarshen ƙasa. Na biyu, abin da zai sanar da matuƙi inda filaf yake, digiri 10 ne ko 20 ko 40. Sau da yawa akan ɗauka abu ɗaya ne, a sayi na'urar da ta iya ɗaya a ɗora mata ɗayan, daga baya a yi ta kwancewa. Don haka kafin ka aika kuɗi waje, ka fara yanke wanne kake nema, ko duka biyun.

Zaɓi huɗu ne aka fi amfani da su: ƙaramin makunni mai hannu da ɗan gare-gare, makunnin maganaɗisu, na'urar jin ƙarfe, da kuma potansiyomita, wato na'urar da ke auna yawan motsi ta mayar da shi karatun lantarki.

Ma'aunin da za a auna su da shi

Abu na farko, kuma shi ya fi kowanne nauyi, shi ne abin da ke faruwa ranar da na'urar ta mutu. Kowace za ta iya mutuwa ta hanya biyu: ta maƙale a buɗe ko ta maƙale a rufe. Idan makunnin iyakar sama ya maƙale a buɗe, ko wayarsa ta tsinke, injin ba zai ɗaga filaf ba. A ce ka sauke filaf duka kana gab da taɓa ƙasa a filin jirgin Tawa, a watan Afrilu da tsakar rana, zafi ya haura digiri 40, sai ya zama dole ka fasa sauka ka sake tashi. Iska mai zafi ta riga ta rage wa inji ƙarfi da fiffike ɗauka, ga filaf digiri 40 ya ƙi komawa. A nan gizo ke saƙa. Idan kuwa a rufe ya maƙale, injin zai ci gaba da turawa bayan ya kai ƙarshe. Abin da zai biyo baya ya danganta da irin injin: tsohon injin filaf da ke zuwa da jiragen RV na kamfanin Van's yana juyawa a banza idan ya kai ƙarshen tafiyarsa, babu abin da yake karyawa. Injin da ba shi da wannan tsari kuwa zai cije, ya ja kuran ninkin ba ninkin, ko fiyus ya tafi ko maƙalar injin ta lanƙwashe. Ka san irin injin da ke hannunka tukuna.

Na biyu, ƙura da zafi. Ƙurar hunturu laushi gare ta, tana shiga inda yashi ba ya shiga. Alamar IP67 a jikin na'ura na nufin ƙura ba ta shiga sam, kuma tana jure nutsewa cikin ruwa na ɗan lokaci. Jirgin da aka bari rufe cikin rana a filin jirgin Diori Hamani na Yamai kuma, zafin cikinsa ya zarce na waje nesa ba kusa ba, don haka iyakar zafin da aka rubuta a takardar na'ura abin dubawa ne.

Na uku, daidaito. Lissafin ba wuya: a nisan milimita 50 daga tsakiyar bututun da ke juya filaf, digiri ɗaya daidai yake da motsin milimita 0.87. A nisan milimita 100 kuwa milimita 1.75 ne. Ke nan na'urar da ke kuskuren milimita 3, idan an ɗaura ta a milimita 50, ta ba ka kuskuren fiye da digiri 3.

Sai kuɗi, sauƙin ɗaurawa, da ko za ka samu madadi a nan gida idan ta lalace. Farashin da ke ƙasa kiyasi ne na kaya na asali kafin kuɗin aiko da na duwan. Da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne, lissafin abin da aka sayo daga Turai ba ya wahala.

Ƙaramin makunni mai hannu

Shi ne tsohon hannu a wannan aiki. Cessna 172 mai zaɓen digiri 10, 20 da 30 da irin waɗannan makunnai da ɗan tudun da ke danna su take aiki, kuma shekaru da dama ke nan. Ƙafa uku gare shi: COM ta haɗin gwiwa, NC wadda ke haɗe da COM muddin ba a danna ba, da NO wadda ke haɗuwa sai an danna. Don tsayar da inji, COM da NC ake ɗauka, yadda kuran zai wuce har sai an danna shi.

Kuɗinsa kaɗan ne, kamar sefa 3,000 zuwa 10,000 kowane ɗaya idan rufaffe ne na kamfani sananne, irin su Omron D2VW ko Honeywell V15W, dukansu IP67. A kasuwar Katako ta Yamai za ka samu masu kama da su, waɗanda aka ciro daga tsofaffin na'urorin ɗumama abinci, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Don gwaji a kan tebur suna da amfani. A cikin jirgi kuwa a'a, saboda jikinsu a buɗe yake ta wurin maɓallin, ƙura na shiga ta zauna kan mahaɗin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bi da kuran injin ta cikin makunnin kai tsaye, don an ga an rubuta amfiya 10 ko 15 a jikinsa. Wannan lamba ta kuran gida ce, mai kai da komo. Kuran batir ba ya sauka sifiri da kansa, don haka tartsatsin da ke tashi lokacin yankewa yakan daɗe, balle kuma inji ne ake yankewa. A hankali mahaɗin ya ƙone, wata rana ya manne. Hanyar da ta fi lafiya ita ce makunnin ya tuƙa rile, wato makunnin da ƙaramin kuran ke kunnawa, rile kuma ya ɗauki nauyin injin. Naɗin rile irin na mota mai volt 12 kusan miliamfiya 150 yake ja, abin da kowane ƙaramin makunni zai ɗauka ba gajiya. A gicciya dayod 1N4007 a kan naɗin, gefen zoben yana kallon wayar wuta, don ya shanye bugun da ke dawowa idan an yanke.

Rile biyu ake so, masu ƙafa biyar, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. Ƙafa 30 ta kowanne ta tafi waya ɗaya ta injin, ƙafa 87 ta tafi wuta, 87a ta tafi mas, wato gefen negatif na batir. Amfanin wannan haɗi: da zarar an saki, wayoyin injin biyu duk suna kan mas, injin ya taka wa kansa birki nan take. Ba tare da haka ba yakan ɗan zarce bayan an yanke masa kuran, kuma wannan zarcewar ce ke sa filaf ya wuce inda aka saita, ko ya danne hannun makunnin ya lanƙwasa shi.

Idan kuwa fitila kawai ko shigar EFIS, wato allon lantarki mai nuna wa matuƙi bayanan tafiya, makunnin zai kunna, inda kuran bai wuce ƴan miliamfiya ba, nemi mai mahaɗin zinariya. Mahaɗin azurfa yana bukatar ɗan kuran mai kauri don ya riƙa share dattin da ke taruwa a kansa. Idan babu, fitila ta riƙa kyaftawa ba dalili.

Wajen ɗaurawa, a yanka maƙala daga falan alminiyam mai kaurin milimita 1.6, a yi mata ramuka masu tsawo don a iya matsawa gaba ko baya lokacin saiti, a ɗaure da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwancewa. Kada a huda bututun filaf. Ɗan tudun da zai danna makunnin a kama shi da maɗauri mai zagaye bututun, a kuma ja layin fenti da ya ratsa maɗaurin da bututun, yadda ido zai gane idan ya zame. Gangaren tudun kada ya wuce digiri 30, gare-garen ya hau shi a hankali ya wuce. Makunni ba turken tsayawa ba ne: idan ƙarfe na zuwa ya doki hannunsa gaba da gaba, kwanansa ƙidayayyu ne.

Rauninsa: makunni ɗaya wuri ɗaya ya sani. Iyaka biyu, makunni biyu. Kana son tsayawa a digiri 10 da 20, sai ƙarin makunnai da ƙarin rile da ƙarin wayoyi, kuma kowace mahaɗa wurin lalacewa ce.

Makunnin maganaɗisu

Ƴan ƙarafa biyu ne cikin ɗan kwalabe da aka toshe, maganaɗisu ya matso su haɗe. Babu taɓawa, babu gogewa, ƙura ba ta da hanyar shiga. Shi ya fi arha, sefa 1,500 zuwa 5,000 har da maganaɗisun, kuma ba shi da nauyi ko kaɗan.

Amma ƙarfinsa kaɗan ne, galibi wat 10 da rabin amfiya. Naɗin rile marar dayod kan manne masa ƙarafan. Ba ya kuma da daidaito: inda yake kamawa daban, inda yake saki daban, tazarar kan kai ƴan milimitoci, kuma tana canzawa idan maganaɗisun ya raunana. Maganaɗisun neodimiyam na gama-gari yana fara rasa ƙarfi sama da digiri 80, don haka kada a kai shi kusa da bututun hayaƙi. Yana kuma tara garin ƙarfe, musamman a jirgin da ke kwana inda ake goge ƙarfe da walda. Abu na ƙarshe, yana karkatar da kamfas da na'urar auna maganaɗisun duniya ta EFIS. Kafin ka manna shi, zagaya wurin da kamfas na hannu ka ga daga ina allurar ke fara motsi, ka kuma bi tazarar da littafin na'urarka ya gindaya.

Don fitilar da ke cewa filaf bai koma sama ba, ya wadatar. Ban ga dalilin ba shi aikin tsayar da inji ba.

Na'urar jin ƙarfe

Kamar ƙusa mai zare take, M8 ko M12, irin wadda ake gani a injinan masana'antu. Tana gane ƙarfe idan ya matso fuskarta, ba ta bukatar maganaɗisu. Waya uku gare ta: ruwan ƙasa wuta, shuɗiya mas, baƙa ita ce fita. Tana aiki daga volt 10 zuwa 30, yawancinsu IP67 ne, kuma daidaitonta ya fi na sauran makunnai, domin babu abin da ke lanƙwasa ko gogewa. Saitinta da noti biyu ne a kan zaren jikinta, abu mai daɗin aiki.

Ta asali takan kama sefa 20,000 zuwa 45,000 kowace ɗaya, kuma aƙalla biyu kake bukata. Tazarar jinta gajeriya ce, milimita 1.5 zuwa 2 ga M8, kuma wannan lamba ta baƙin ƙarfe ce. Alminiyam yana rage tazarar zuwa ƙasa da rabi, shi ya sa dole a ɗaura mata ɗan guntun baƙin ƙarfe da za ta riƙa gani. Idan bututun filaf na da ɗan wasa a mazauninsa, wannan wasan kaɗai ya isa ya fitar da guntun daga tazara, ko ya sa ya goge fuskar na'urar. A lura da nau'i kafin saye: akwai NPN mai haɗa fita da mas, akwai PNP mai ba da wuta, akwai NO da NC a kowanne. Sayen wanda bai dace da haɗinka ba, asarar wata guda ce ta jiran wani aike. Iyakar zafin yawancinsu digiri 70 ne, wanda ya isa ƙarƙashin kujera amma ba kusa da inji ba. Kuma da yake na'urar lantarki ce, takan mutu ba gargaɗi, mita mai sauƙi kuma ba ta nuna lafiyarta sai an ba ta kuran.

Potansiyomita

Wannan ba makunni ba ne, amma shi kaɗai ke amsa tambayar “ina filaf yake?” a kowane digiri. Wanda aka fi sani tsakanin masu haɗa jirgi shi ne POS-12 na kamfanin Ray Allen, mai tafiyar inci 1.2, kusan milimita 30. Akwai ƙannensa POS-5 da POS-7 masu gajeriyar tafiya. Ana haɗa shi da EFIS irin Dynon SkyView ko Garmin G3X, ko da ɗan agogon nuni nasa. Kuɗinsa kamar sefa 25,000 zuwa 40,000. Akwatin da zai karanta shi ya tuƙa injin zuwa matsayin da ka zaɓa, irin VP-X na Vertical Power ko GAD 27 na Garmin, shi ne mai tsada, ya ninka kuɗin potansiyomitan sau da yawa. Abin da kake samu a madadin kuɗin: danna sau ɗaya filaf ya je mataki na gaba ya tsaya, kuma ana iya hana shi sauka idan gudun jirgi ya wuce iyakar sauke filaf.

Inda ake faɗuwa shi ne nisan da ake maƙala sandarsa. Ga filaf mai digiri 40, tsawon da wurin maƙalawar ke tafiya kusan 0.68 ne na nisansa daga tsakiyar bututu. A milimita 38, tafiyar milimita 26 ce, ta bar ragowar milimita 2 a kowane gefe. Haka ake so. A milimita 44 kuwa tafiyar ta cinye 30 ɗin duka, injin ya riƙa dukan ƙarshen na'urar har ya fasa ta. Idan kuma ka matso sosai, a ce milimita 15, tafiyar kusan 10 ce kawai, lambar da ke allo ta riƙa tsalle. Sandar haɗin ta zama siririya mai ƙwallo a bakinta biyu, ta kuma yi kusurwar digiri 90 da hannun bututun lokacin da filaf ke tsakiyar tafiyarsa, don karatun ya tafi daidai wa daida.

Ƙura ce abokiyar gabarsa. Ba a rufe yake ba, akwai ɗan harshe da ke gogar layin da ke ciki, kuma girgiza na cinye layin a wurin da ya fi daɗewa, wato filaf a sama. Alamar farko ita ce lamba ta riƙa rawa a sifiri. A ɗaura shi cikin ɗakin matuƙi ƙarƙashin murfi, bakinsa na kallon ƙasa. Kada a sa masa giris, don giris da ƙurar hunturu idan suka haɗu sai su koma kamar takardar goge katako. Idan akwati ne ke tuƙa injin da shi, ka tabbata akwai hanyar motsa filaf ko da karatun ya ɓace, ka kuma gwada ta a ƙasa ta hanyar cire filoginsa.

| Zaɓi | Kuɗi a sefa, kowane ɗaya | Jure ƙura | Sauƙin ɗaurawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Makunni mai hannu, rufaffe | 3,000 zuwa 10,000 | Mai kyau | Matsakaici, sai an ƙera tudu | Mahaɗi ya ƙone, hannu ya lanƙwashe |
| Makunnin maganaɗisu | 1,500 zuwa 5,000 | Mai kyau ƙwarai | Mai sauƙi | Mannewa, karkatar da kamfas |
| Na'urar jin ƙarfe | 20,000 zuwa 45,000 | Mafi kyau | Matsakaici, tazara gajeriya | Mutuwa ba gargaɗi |
| Potansiyomita | 25,000 zuwa 40,000, ban da akwati | Rauni | Sai an yi lissafi | Karatun ƙarya, fashewa a ƙarshen tafiya |

Abin da ya shafe su duka

Waya ta zama ta jirgi, MIL-W-22759/16, lamba 22 ga makunnai, lamba 18 ga injin, girman fiyus kuma yadda mai injin ya rubuta. Wayar mota mai rigar PVC tana laushi da zafi, idan ta kama wuta kuma hayaƙinta guba ne a rufaffen ɗaki. Littafin AC 43.13-1B na hukumar jiragen saman Amurka yana da jadawalin kaurin waya da tsawonta, kyauta ake samunsa. A matse kawunan waya da filaya ta matsewa, a ɗaure wayar kusa da na'urar don girgiza kada ta karya ta a gindi.

Saitin ƙasa ba shi ne na sama ba. A cikin iska, nauyin da ke kan filaf yana rage wa injin gudu wajen sauka, yana ƙara masa wajen hawa, kuma yana cinye duk wasan da ke cikin sanduna. Auna digiri da ma'aunin kwana a kan filaf ɗin kansa, wani ya tura bakinsa sama da hannu a hankali lokacin da kake saiti. Ka sani kuma na'urar da ke kan bututu labarin bututu take bayarwa: idan sandar gefe ɗaya ta kwance, allo zai nuna komai lafiya alhali filaf ɗaya ne ya sauka. Layukan fenti a gefen filaf da ake hange daga kujera, a digiri 10, 20 da ƙarshe, ba sa cin kuɗi kuma ba sa bukatar kuran. Duk canjin da aka yi a rubuta shi a littafin jirgi, a kuma tuntuɓi ANAC, hukumar kula da jiragen sama ta Nijar, kan abin da take bukata kafin a tashi da shi.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Idan filaf ɗinka na sandar hannu ne, kamar yadda Zenith CH 701 take, ramukan sandar sun riga sun gaya maka matsayi. Makunnin maganaɗisu ɗaya ko rufaffen makunni mai hannu ɗaya don fitilar gargaɗi ya isa.

Idan injinka mai juyawa a banza ne a ƙarshe, kuma makunnin hannunka mai komawa tsakiya ne da kansa, tsayarwa ba ta dame ka ba. Potansiyomita don nuni kawai za ka ƙara, wanda ko ya mutu filaf na aiki. Wannan shi ne haɗin da ya fi ƙarancin abin da zai hana ka ɗaga filaf ranar da ka fasa sauka.

Idan injinka mai cijewa ne, rufaffun makunnai biyu masu hannu da rile biyu, tare da wani maɓalli mai murfi da ke tsallake makunnin iyakar sama. Ga jirgin da ke zaune a Tawa ko yake sauka a filayen jar ƙasa nesa da mai gyara, wannan nake zaɓa, don mita da sukurdireba sun isa a gano matsalarsa, kuma madadin makunni biyu ba su cika aljihu ba.

Na'urar jin ƙarfe ta dace da wanda dole makunnansa su zauna cikin fiffike ko ƙarƙashin gangar jirgi, inda ƙura da ruwan damina ke dukansu kai tsaye, muddin bututunsa ba ya wasa.

Mai cikakken EFIS da ke son matakai da dannawa ɗaya, potansiyomita da akwati, ya sayi potansiyomita biyu tun farko ya ajiye ɗaya. Wanda kuma bai riga ya sayi injin filaf ba, ya duba masu zuwa da makunnan iyaka da potansiyomita a cikinsu: sun fi tsada wajen saye, amma babu tudu, babu maƙala, babu sandar da zai ƙera, sai dai idan abin cikin ya lalace injin gaba ɗaya ake cirewa.